Baba Labbo na Bungudu, Mai Ɗora wa Lambobi Rumfa

Ranar Talata, 14 ga Agusta, 1979, azumi ya kai ashirin, Allah ya yi wa Malam Muhammadu Labbo rasuwa a gidansa da ke Bungudu, bayan jinyar kwana tara. Shi ne mai buga tafireta na kwalejinmu ta horon malamai mata a nan Gusau, shekara goma sha ɗaya, har ya ajiye aiki bara. Ya cika bayan azahar, aka kai shi makwancinsa kafin la'asar ta yi sanyi. Ni kuwa sai washegari da hantsi labarin ya same ni, ina tsakar gida ina shanya. Umaru direban kwaleji ne ya yi sallama, ya tsaya a bakin ƙofa bai shigo ba. Ya ce, "Malama Dibora, sai haƙuri. Baba Labbo ya riga mu gidan gaskiya." Ya karanta Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ni Kirista ce, amma a garin nan aka haife ni, na san ma'anarta tun ina ƙarama. Na maimaita ta da Hausa: daga Allah muke, gare shi za mu koma. Jiƙaƙƙen zanen da ke hannuna yana ta ɗiga a ƙafata, ban sani ba.

Baba, yau kwananka goma sha biyu a ƙasa. Na zauna in rubuta wannan da hannu, ina ta tunanin yadda za ka karɓe shi ka gyara zaman tabarau, ka ce, "Malama, wanga bakwai ne ko ɗaya?" Babu wanda zai sake yi mini wannan tambayar da irin muryarka.

A Satumban 1973 na fara ganinka. Shekarata ashirin da uku, 'yar ma'aikacin jirgin ƙasa, na dawo daga karatu da takardar shaida da girman kai daidai gwargwado, aka ba ni koyar da lissafi. Ofishinka ɗan ɗaki ne a ƙarshen baranda, tagarsa tana duban gabas, da dogonyaro a bayanta. Tun daga nesa ake jin ka: ƙwas-ƙwas-ƙwas, ƙararrawa ta yi ƙil, ka tura gangar da takarda take naɗe a kai ta koma. Ɗakin yana ƙamshin tawada da wani jan ruwa na gyaran kuskure mai warin jan farce. Har yanzu idan na wuce wurin da safe, kafin 'yan mata su fito, nakan ji kamar ƙarar tana nan ta maƙale a jikin bango.

A ranar ka nuna mini abin da ban taɓa lura da shi ba duk tsawon karatuna. Tafiretar da aka ba ka ba don lissafi aka ƙera ta ba. Ba ta da alamar sau, ba ta da alamar rabawa, ba ta da alamar saiwar lamba. Ko lamba 1 ba ta da ita, sai dai a ari ƙaramin harafin l ya tsaya a madadinta. Da wannan gurguwar na'ura kake fitar da takardun lissafi na aji biyar, kuma ban taɓa jin wata ɗaliba ta ce ba ta gane abin da aka rubuta ba.

Na sha tsayawa a bayanka ina kallo kamar mai kallon saƙa. Idan za ka yi alamar rabawa, sai ka buga ɗigo biyu, ka koma baya taki ɗaya, ka buga karan ɗori a tsakaninsu, ga ÷ ta fito tsaf. Idan lamba tana da 'yar ƙaramar lamba a kafaɗarta, sai ka saki gangar, ka murza ta rabin layi da babban yatsa, ka buga, ka mayar da ita inda take, ba ka taɓa kuskure ko da kaurin gashi ba. Uku bisa huɗu layi uku kake ba ta, uku a sama, kara a tsakiya, huɗu a ƙasa, kuma sai alamar daidai ta zauna saitin karan, ba sama ba, ba ƙasa ba. Sauran akawuna harafin x suke bugawa a wurin alamar sau. Kai ka ƙi. Ka ce ka ji malamai suna cewa x wani abu ne da ba a sani ba, ana nemansa, to don me za a sa shi aikin wani? Sai ka bar gurbi, bayan ka gama shafi ka zare sitensil, wato takardar nan mai kaki da ake bugu a kanta kafin a ɗora a injin gurzawa, ka shimfiɗa shi a kan ɓallin gilashi, ka zana × da tsinken ƙarfe, ƙarama, a tsakiyar layi.

Abin da na fi so shi ne idan ka gama. Sai ka ɗaga sitensil ɗin sama ka fuskanci taga. Takardar shuɗiya ce mai duhu, kowane harafi kuwa huda ne, sai hasken safiya ya biyo ta cikinsu. Shafi guda na lissafi ya koma kamar sararin sama, lambobi suna ƙyalli, inuwar ganyen dogonyaro tana kaiwa da komowa a bayansu. Kakan daɗe a haka. Da farko na zaci kuskure kake nema. Daga baya na gane wani lokaci kallo kawai kake yi.

Ka gaya mini mahaifinka marubuci ne a Bungudu, mai rubuta Alƙur'ani da alƙalamin kara, kuma a gabansa ka koyi riƙon alƙalami kafin ka shiga elemantare. Ka ce shi ya koya maka cewa harafi uku suna iya zama jiki ɗaya, ɗigo ne kawai ya raba su, wanda ya raina ɗigo ya canza magana. Na ji wannan a lokacin kamar hirar tsofaffi. Ban san zai zo kaina ba.

A Yunin 1974 aka sa ni tsara jarrabawar lissafi ta 'yan aji biyu. Jarrabawa ce mai nauyi, domin wadda ta faɗi ba ta maimaita aji, gida ake mayar da ita. 'Yan mata tamanin da huɗu ne, yawancinsu daga ƙauyukan da ba a taɓa samun malama mace ba. A makon ne kuma aka tura ni Tsafe da kewaye in duba 'yan ajin ƙarshe da ke gwajin koyarwa, saboda haka wasu malamai biyu ne za su yi maki, su bi takardar amsoshin da na rubuta. Na kawo maka tambayoyin da amsoshin ranar Litinin, mota tana jirana. Ka duba, ka duba, sai ka ɗora yatsa a tambaya ta shida. Tambaya ce mai maki goma, ta fara da saiwar tara a haɗa da goma sha shida. Alamar saiwa, √, tana da wani dogon kara da yake bi ta saman lambobi, wanda kai kake kira rumfa.

Ka ce, "Malama, wagga rumfa, ina tat tsaya? Tara kaɗai tar ruhe, ko har da sha shidda?"

Umaru yana ta danna oda a waje. Ko kallon takardar ban yi ba. Na ce, "Malam Labbo, buga abin da ka gani. Aikinka bugu ne, ba lissafi ba."

Na faɗi haka ga mutumin da ya girmi mahaifina. Ka sauke yatsanka daga kan takardar, ka ce Allah shi kiyaye hanya.

Ranar Laraba ina Kucheri, a bayan wani aji mai rufin kwano, ina sauraron ɗalibata tana koya wa yara rabawa. An kwana ana ruwa, sai da hantsi ya ɗauke, ƙasa tana tururi, gero ya fara tsiro layi-layi har gindin duwatsu. Na ɗaga kai ta taga sai na hangi wani dattijo tafe a kan hanyar gona, ya naɗe ƙafar wando, takalma a hannu ɗaya, lema a ɗayan. Na ce a raina, wannan mutum yana tafiya kamar Malam Labbo. Na daɗe ina kallonka kana matsowa cikin tururin nan, ban yarda kai ne ba, sai da ka tsaya a gindin tsamiyar makaranta ka yi sallama.

Ka nemi izinin shugabar kwaleji, ka hau motar Funtuwa ta sauke ka a Tsafe, inda aka ce ina. A can aka ce maka na wuce Kucheri. Ka sami motar hatsi ta rage maka hanya, ta maƙale a taɓo, ka ƙarasa da ƙafa. Na fito a firgice, na zaci mutuwa aka yi a gidanmu.

Ka ce, "Lahiya lau. Ban ɗauko takarda ba, amanar jarrabawa ce. Cikin kaina nid ɗauko ta."

Ka waiga ka tabbatar babu kowa kusa. Ka tsuguna, ka ɗauki tsinke, ka zana a jiƙaƙƙen yashi. A sama ka zana tara da goma sha shida, rumfa ta rufe tara kaɗai. Ka ce haka take a takardar tambayoyi. A ƙasa ka sake zana su, rumfa ta miƙe ta rufe su duka biyu. Ka ce haka take a takardar amsoshi. Ka ɗago ka dube ni.

Na tsuguna kusa da kai. Idan rumfar ta rufe su duka, amsa biyar ce, kuma biyar na rubuta wa masu maki. Idan tara kaɗai ta rufe, amsa goma sha tara ce. Alƙalamina ne ya gaza ja wajen kwafe tambayar. Da ka buga abin da ka gani, kamar yadda na umarce ka, da duk yarinyar da ta fahimci darasin ta rubuta goma sha tara, ta bi ta a sauran matakan, a soke mata maki goma. Masu ƙoƙarin ne za su faɗi, saboda sun karanta alamar daidai.

Na nuna ta ƙasan. Ka ce to. Ka sa tafin ƙafa ka shafe su duka biyun.

Na fara ba ka haƙuri. Ka katse ni. Ka ce, "Gaskiya kic ce, ɗiyata, ban san lissahi ba. Amma na san ba a yin alama a banza." Ko ruwa ba ka tsaya ka sha da kyau ba, ka ce sai ka koma ka gurza kafin Juma'a. Na raka ka bakin titi. Daga ranar ban ƙara kiranka Malam Labbo ba, sai Baba.

Da sakamako ya fito na zauna ni kaɗai na bi takardun ɗaya bayan ɗaya. 'Yan mata huɗu ne suka haye da ratar da ba ta kai maki goma ba, kuma dukansu sun ci tambaya ta shida. Ɗaya daga cikinsu Hauwa ce, wadda yanzu take koyar da aji shida a Tsafe, yara saba'in a gabanta. Ba ta san wannan labarin ba. Ka hana ni faɗa, ka ce zai zubar mini da girma a idon ɗalibai. Hauwa, idan wannan takarda ta iso gare ki, ki sani akwai wanda ya taka taɓon Kucheri dominki, bai ma san sunanki ba. Ki yi masa addu'a.

A 1976 aka buɗe makarantun firamare ko'ina, kowane ƙauye da ajinsa, malamai kuwa ba su isa ba. Aka ɗebo matasa da yawa aka ba su alli bayan horon 'yan watanni. Na ga yadda suke tsoron lissafi, sai na yi niyyar rubuta musu ɗan littafi da Hausa, yadda za su karanta a gida su fahimta kafin su shiga aji. Da na gaya maka, na zaci za ka ce aikin ofis ya ishe ka. Sai ka ce in kawo shafin farko gobe.

Shafi sittin da huɗu ne, wata biyar muka yi a kansa, kullum bayan an tashi, tsakanin azahar da la'asar, lokacin da kwaleji take yin tsit sai kukan kurciya. A nan wata wahalar ta ƙaru, domin tafiretar ba ta da haruffanmu masu lanƙwasa. Na ce a bar su haka, kowa zai gane. Ka ce a'a, wanda ya rubuta ƙari ba lanƙwasa ya rubuta kari, kuma malamin ƙauye ba shi da wanda zai tambaya. Kowane ɗ, kowane ƙ, kowane ɓ na littafin nan, kai ka bi shi da tsinken ƙarfe ka ɗora masa ƙugiyarsa. Na taɓa ƙirga na shafi guda, na sami ɗari da goma sha ɗaya, na daina ƙirgawa.

Da muka kai babin da'ira, alamar π ta yi yawa, hannunka ya fara gajiya da zanenta. Akwai wani madanni a tafiretar mai alamar fam, wanda ya zauna ba aiki tun da aka canza kuɗi. Ka roƙi shugaba ta yarda, ka kwance shi, ka kai wa Ɗanlami maƙerin azurfa a kasuwar Gusau. Ka zana masa alamar a takarda, ka ce ya yi ta a juye kamar hatimi. Sau uku yana yi kana mayarwa. Ta huɗun ta zauna, sai dai ƙafarta ta dama ta ɗan fi ta hagu gajarta. Ka buga ta a farar takarda, ka yi dariya har tabarau ya zame, ka ce, "Rumbu ne mai ɗingishi, amma shina ɗaukar hatsi." Yau duk inda na shiga aji tsakanin Tsafe da Bungudu, nakan ga malamai suna zana π a allo da gajeriyar ƙafar dama. Sun zaci haka take. Ban taɓa gyara wa kowa ba.

Kowace alama ka ba ta suna. Baka biyu tafin hannu ne da suka tallabi abu kada ya zube. Ɗan zoben digiri ƙwan tsuntsu ne. Wata rana a takardar 'yan aji biyar ka ci karo da ∞, ka ce wane ne wannan takwas ɗin da ya gaji ya kwanta? Na ce alama ce ta abin da ba shi da iyaka, komai nisan ƙirga ba a kai gare shi. Ka ajiye tsinken. Iska tana kaɗa labulen taga, wani wuri can nesa ana daka. Can ka ce, "Ashe masu lissahi ma sun san da Shi." Ka goge gilashin da hannun riga, ka zana ta a hankali, numfashi ɗaya, ba ka ɗaga hannu ba har bakin ya haɗu.

Mun gurza kwafi ɗari uku, kai kana juya hannun inji, ni ina jera shafuka a kan tebura. Na so in sa sunanka a bango tare da nawa. Ka ƙi, ka ce ba a sa sunan akawu a littafi. Na yi maka biyayya, kuma ina nadamar wannan biyayyar.

A farkon 1978 na fara ganin abin da ban saba gani ba. Wata 'yar lamba ta hau kafaɗar da ba tata ba. Wata rumfa ta karkace. Jan ruwan gyara ya yawaita a sitensil ɗinka kamar ƙyanda. Wata safiya na shigo na tarar ka ɗaga shafi a taga kamar kullum, amma a juye yake, ƙasa a sama, kana ta kallo. Na tsaya a bakin ƙofa. Ka ji numfashina, ka sauke shi. Ka ce yana ce ta rufe idon dama, na hagun ma ya fara, komai kana ganinsa kamar ta cikin ruwan koko.

Shekarar nan muka yi ta tare. Yatsunka sun san madannai ba sai da ido ba, saboda haka ni nake karanta maka, in ce buɗe baka, in ce hau rabin layi, in ce sauko, kana bugawa ido a lumshe kamar mai sauraron waƙa. Zanen tsinke kuwa ya dawo hannuna. Ka koya mini yadda ake riƙe shi a kwance kada ya yaga kakin, yadda ake fara rumfa daga ƙasa a hau da ita a ja. Ta farkon da na yi ka shafa bayanta da yatsa, ka ce ta yi rawa, in sake. Ni da na ce maka aikinka ba lissafi ba ne, sai ga ni ɗalibarka, kuma ba mai saurin ganewa ba.

A ƙarshen shekarar aka kawo sabuwar tafireta mai aiki da lantarki. Ba ta da hannuwan ƙarfe, sai wata 'yar ƙwallo mai juyawa, haruffa duk a jikinta, kuma akwai ƙwallo ta musamman ta alamomin lissafi. Na ji tsoron ranar, na zaci za ta ƙona maka rai. Ka ce a miƙo maka ita. Ka juya ta a tafin hannu, kana bin ta da babban yatsa, kana kiran su ɗaya-ɗaya: ga rumfa, ga rumbu, ga takwas mai barci. Fuskarka ta yi haske kamar wanda ya haɗu da 'yan garinsu a tasha. Ka ce, "Ashe duk suna nan wuri guda, kamar ɗiyan rumman." Ka mayar da ita, ka ce madalla, yanzu hankalinka ya kwanta, kana iya komawa gida.

Ganina da kai na ƙarshe a Bungudu ne, cikin watan Mayu. Na same ka a kan buzu a ƙofar gida, ka fuskanci gulbi, ko da yake ba ka ganinsa. Ka ce kana jin ƙamshin ruwan farko tun kafin ya iso. Matarka, Inna Saude, ta kawo mini fura. Muka yi hira har inuwa ta juya, ba mu taɓo aiki ba sai kaɗan. Ka ce wani lokaci idan ka lumshe ido kana ganin shafuka suna wucewa, shuɗɗa, haske yana bi ta cikinsu, kuma babu kuskure ko ɗaya. Na ce zan dawo da an yi hutu. An yi hutun, na ce bari in gama makin jarrabawar shiga kwaleji. Na gama, na ce bari a sha ruwa in zo barka da salla. Tafiyar da ba ta kai awa guda a mota ba. Kai ka taka taɓo saboda kara ɗaya da alƙalamina ya gaza ja, ni na kasa hawa kwalta in gaishe ka. Wannan zan daɗe ina ɗauke da shi.

Ranar da labarin ya zo, Umaru ya kai ni Bungudu. Maza suna zaune a waje a kan tabarmi, na gaishe su na shige cikin gida wurin mata. Inna Saude ta kama hannuna ta zaunar da ni kusa da ita, ba ta saki ba. Bayan an yi addu'a an shafa, ta kira autarku Wasila, wadda na sha gani tana kai da kawo a gidan ban taɓa tambayar ajinta ba. Ta ce ta ɗauko takardar nan. Yarinyar ta dawo da ambulan mai hatimin kwalejinmu. Na buɗe. Takardar karɓa ce, an ɗauki Wasila Muhammadu Bungudu aji ɗaya, ta zo ranar goma ga Satumba.

Na san sunan. Mu masu maki lamba kawai muke gani, sai an gama ake haɗa ta da suna. Lamba ɗari biyu da goma sha bakwai ita ta zo ta ɗaya a lissafi cikin 'yan mata ɗari huɗu, kuma ni na yi mata maki da hannuna. Ban kawo komai a raina ba, Muhammadu nawa ne a ƙasar nan?

Inna Saude ta ce kai ka hana a rubuta Labbo. Ka ce idan aka ga sunan, malamai za su ji nauyinka, ni kuma zan fi kowa ji, kuma ba ka so yarinyar ta yi shekara biyar ba ta san ko da ƙafarta ta shiga ba. Ka ce kada a gaya mini sai sakamako ya fito. Takardar ta iso ranar Lahadi, kwana biyu kafin ka cika. Wasila ta karanta maka sau biyu. Ka ce a ba ka. Ka juya bayanta, ka bi tudun haruffan da yatsa tun daga sama har ƙasa, domin a tsohuwar tafiretarka aka buga ta, sabuwar ba wuta a ranar. Ka yi murmushi, ka ce, "Wanga sabon akawu hannunai da nauyi. Ku ce mashi shi sassauta mata, tsohuwa ce." Sannan ka ɗora takardar a ƙirjinka, ka yi hamdala, ka yi barci.

Na gaya masa, Baba. Ya ce zai sassauta.

Wasila kuwa ajina za ta shigo. Ba zan ƙara mata maki ko rabi ba, na san ba za ka yafe mini ba. Amma muddin ina Gusau, tana da ɗaki, tana da uwa.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Inna Saude, da Wasila da yayyenta, da 'yan'uwa da maƙwabta na Bungudu, da ma'aikatan kwaleji da ɗalibanta na da da na yanzu, da kowane malamin ƙauye da ya taɓa buɗe ɗan littafin nan bai san hannun wa ya bi ta kansa ba. Allah ya ba mu haƙurin rashinsa.

Allah ya jiƙanka, Baba Labbo. Allah ya gafarta maka kurakuranka, ya karɓi azumin da ka fara bai nufe ka da ƙarasawa ba. Ya yalwata kabarinka, ya sanyaya shi, ya haskaka shi. Ya saka maka da alheri a kan kowane ɗigo da ka ƙi rainawa. Ya mayar maka da ganinka, fiye da yadda yake a da, ka buɗe ido a Aljanna. Ya albarkaci abin da ka bari. Mu kuma, idan tamu ta zo, ya sa mu cika da kyau. Amin.

Dibora Haruna
Gusau, 26 ga Agusta, 1979